Ranar da Na Zauna Tebur Ɗaya da Surukina a Jirgin Ruwa

Shekarun baya, tun gwiwata ba ta fara wannan ciwon da take yi mini ba, 'yata ta fari ta kira ni a waya ta ce in fara shiri, ita da mijinta za su kai ni yawo a jirgin ruwa. A lokacin, aiki ya kai shi wata ƙasar Larabawa, suna can zaune. Ina ƙofar gidanmu a unguwar Magajiya a Suleja, injin markaɗena yana ta ƙara, mata sun jera robobin tattasai suna jira. Na ce mata ban ji ba. Ta maimaita. Sai da na kashe injin na ce ta sake faɗa.

"Jirgin ruwa, Yaya. Ƙato ne kamar otal. A ciki ake kwana, a ciki ake cin abinci, yana ta zagaya garuruwa. Ke da Baba muke so ku zo."

Kada ku yi mamakin Yaya da take ce mini. Ita ce ta fari, kuma a gidanmu 'yar fari ba ta zama a hannun uwarta. Ana yaye ta mahaifiyata ta ɗauke ta zuwa Izom. Can ta tashi cikin ƙannena, ta ji suna ce mini Yaya, ita ma ta kama. Daga Izom sai makarantar kwana, daga nan jami'a, daga nan aure. Ban taɓa kiran sunanta ba, sai dai "ke" ko "'yar nan". In ta zo hutu, ƙannenta ne ke zagaye kwano da ni, ita a zuba mata nata daban. Ba ƙi ba ne, Allah ya sani. Haka muka taso muka gani, ni kuma mace ce da ba ta iya tsallake abin da ta tarar.

Da na gaya wa maigidana, sai ya yi dariya ya ce, "Ki gaishe su da kyau. Ni duk ruwan da ya fi na buta yawa ba na wasa da shi. Ke ki je ki gano mana."

Wanda ya san ni ya san halina. In zan je ko da nan Garam ne ta'aziyya, tun ana jibi nake fara tunanin ko mota za ta lalace. To balle teku. Na je wurin malamarmu ta Islamiyya na tambaye ta ko ya halatta in yi tafiyar, ta ce ai mijin 'yarki muharraminki ne. Na koma na tambaye ta yadda ake gane alƙibla in jirgi yana juyawa, ta yi mini bayani. Da na sake komawa, tun kafin in zauna ta ce, "Hajiya, yau kuma me tekun ya yi?"

Ana cikin haka 'yar nan ta sake kira, ta kawo mini abin da ya fi tekun tayar mini da hankali.

"Yaya, akwai dare ɗaya da ake yin dina a jirgin. Kowa sai ya yi ado. Ba a shiga da silifa, ba a shiga da gajeren wando ko kayan shan iska. Maza kwat suke sawa, mata doguwar riga. Wanda ya ga dama kuma ya sa kayan ƙasarsu, in dai na fita kunya ne."

"In na zo da mayafi fa?"

"Ki zo da mayafinki, babu mai ce miki komai."

"Kin tabbata? Kin tambaya?"

"Na tambaya."

"Wa kika tambaya?"

Ta yi dariya har tana tari. Sannan muryarta ta sauka, ta ce, "A daren nan tebur ɗaya za mu zauna, mu uku. Na riga na sa an kama mana. Duk tafiyar nan, wannan kaɗai na roƙe ki."

Na ce to. Hankalina duk yana kan mayafi. Sai da yamma, ina tsaye ina wanke shinkafa, maganar ta dawo mini. Mu uku. Ni da ita da shi. In buɗe baki in sa loma a gaban mijin 'yata ta fari! Mutumin da in ya zo gaishe ni, daga bakin ƙofa yake durƙusawa, ni kuma in amsa ta bayan labule. Ko ruwa ban taɓa kurɓa ba yana wurin. Ga shi kuma na riga na ce to, kuma tunda na haife ta ba ta taɓa roƙona wani abu ba sai wannan.

Na yafa gyale na shiga gidan aminiyata. Maƙwabciyata ce, tana sarin atamfa da turare, ta hau jirgin sama ya fi a ƙirga, don haka duk unguwar ita ce mai sanin duniya. Jirgin ruwa kam ba ta taɓa gani ba, amma wannan bai hana ta ba ni labarinsa ba.

"Ke, wurin Turawa ne fa," in ji ta. "Akwai wani ƙato a bakin ƙofa, aikinsa kawai ya dube ki daga sama har ƙasa. In ya ga takalminki shimfiɗaɗɗe, sai ya ce madam, koma. A gaban kowa."

"Na shiga uku. To maganar cin abincin fa?"

"Wannan ai mai sauƙi ne. Ki ci ki ƙoshi a ɗakinki kafin ki fita. In an kawo, ki riƙa juya cokali kina murmushi. Manyan mata haka suke yi a dinar Abuja, babu mai ci. Ke dai ki ji da kayan sawa."

Na karɓi wannan shawara hannu biyu. Na ga ta raba mini gardama: na zauna a teburin kamar yadda na yi alkawari, kuma ban ci a gabansa ba.

Daga nan na faɗa hidimar kaya. Na sayi leshi ruwan toka mai ɗan ƙyalli, na kai wa telana a kasuwa. Ya ɗinka, na gwada, na ga wuyan ya yi ƙasa, na mayar. Ya ɗaga. Na ga hannun ya yi gajarta, na mayar. Na sake ganin wuyan. Ranar da ya gaji sai ya ce, "Hajiya, wallahi in na ƙara ɗaga wuyan nan, sai dai ki riƙa leƙo ta hannun riga."

Aminiyata ta aro mini takalmi mai tsini wurin 'yarta. Kullum bayan la'asar sai in sa shi in riƙa kai da kawowa a tsakar gida, daga rijiya zuwa madafi, hannu ɗaya a bango. Maigidana yana kan tabarma da rediyonsa, ya dube ni ya ce, "In kin gama auna filin, ki gaya mini nawa za ki sayar." Na kuma koyi cin abinci da wuƙa da cokali mai yatsu, don ko da juyawa ce, in juya yadda ake yi. Da dafaffiyar doya na fara. Na danna wuƙa, yankin doya ya yi tsalle ya faɗi ƙasa, kazar maƙwabta ta sure ta yi waje. Shi ma wannan ya ishi maigidana dariyar mako guda.

Ranar tafiya ta zo. Jirgin sama ya kai ni, suka tarbe ni, bayan na huta muka nufi bakin teku. Da na ga jirgin sai na tsaya cak. Na ɗauka bene ne aka gina a bakin ruwa. A wurin binciken kaya aka ciro dutsen gugana daga akwati, aka ce ba a shiga da shi saboda gobara, sai mun dawo za a ba ni. Na dubi 'yar nan na ce, "To leshin fa?" Ta ce in bar mata wannan.

Kwanakin farko lafiya lau. Ɗakina daban, kusa da nasu. Akwai wani wuri a sama inda ake jera abinci kowa ya ɗiba da kansa, to nan nake zuwa in na tabbata sun gama sun sauka, ko kuma ita ta kawo mini ɗaki ta ajiye ta fita. Shi ma surukina ya taimaka, don da lokacin cin abinci ya yi sai ya ɓace. Da safe kuwa zai zo bakin ƙofata ya durƙusa a siririyar hanyar da ke tsakanin ɗakuna, yana "Umma, an tashi lafiya? Ya gajiya? Ya ruwa?" Turawa da tawul a kafaɗa suna raɓa shi suna wucewa, suna waiwaye. Ko a jikinsa.

Ranar dina tun da safe na fara shiri. Na ciro leshin, ya yamutse kamar an kwana a kansa. 'Yar nan ta rataye shi a banɗaki, ta saki ruwan zafi ta rufe ƙofa, tururi ya cika wurin. Kafin azahar ya miƙe sumul. Ta kawo mini abincin rana, na dube shi na kasa. Na ce bari zuwa la'asar in ci in ƙoshi kamar yadda aminiyata ta ce. La'asar ta yi ina ta duba ko ɗinkin hammata ya saki, ina sa ɗan kunne ina cirewa. Har magariba ko loma ɗaya ba ta shiga cikina ba.

Bayan na yi sallah ta shigo cikin doguwar riga koriya, ta yi kyau har na kawar da kai. Ta ce in zauna ta ɗaura mini ɗankwali. Na zauna a bakin gado, ta tsaya a kaina tana naɗawa, yatsunta suna taɓa kunnena. Na rasa inda zan sa idona, sai na zuba shi a kan kafet.

Na sa takalmin mai tsini na miƙe. Abin da ban lissafa ba shi ne tsakar gidanmu ba ta motsi. Jirgin ya ɗan karkata, na yi taga-taga na rungume ƙofar kabad.

"Cire, Yaya."

"Za su kore ni."

"Wa zai kore ki? Ina takalminki na sallah, rufaffen nan? Shi za ki sa."

Na sa, amma tun daga lifta har ƙofar zauren cin abincin ina jan zani ƙasa don ya rufe ƙafata. Surukina yana gaba da nisa, kamar ba tare muke ba.

Akwai mutum a bakin ƙofar kuwa, amma ba ƙato ba ne. Wani ɗan siriri ne mai murmushi. A gabanmu ya tare wani saurayi da ya zo da gajeren wando da silifa, ya yi masa magana a hankali, saurayin ya sosa kai ya juya. Na ce a raina saura ni. Da muka iso sai mutumin ya ɗan rusuna, ya faɗi wata magana yana nuna leshina. 'Yar nan ta ce wai kayan sun yi kyau. Ƙafata ko kallo bai yi ba.

Ciki kuwa ga fitilu kamar an zubo taurari, ga masu goge suna ja a hankali. Maza cikin baƙaƙen kwat, mata cikin riguna masu jan ƙasa. Na ga wata Ba'indiya ta naɗe cikin zaninsu, na ga Larabawa da fararen jallabiyoyi. Har na ga wani tsohon Bature da kwat a sama, siket a ƙasa, gwiwoyi a waje, kuma aka ce kayan ƙasarsu ne, ya yi daidai. Na ce a raina, ashe duk wahalar da na ba telana a banza.

Sai muka iso teburin, murnata ta koma ciki. Ɗan ƙarami ne, zagayayye, kujeru uku. Duk inda ka zauna kana fuskantar kowa. Mai yi mana hidima, wani dattijo mai fara'a, ya ja mini kujera na zauna. Ya warware adiko zai shimfiɗa mini a cinya, na zabura, 'yar nan ta yi maza ta karɓa ta shimfiɗa da kanta. Na ɗaga ido sau ɗaya, na ga surukina a gabana cikin kwat da farar riga, da ɗan ƙyallen nan na wuya mai kama da malam-buɗe-littafi, kuma babu hula. Ban taɓa ganin kansa ba sai ranar. Ashe sanƙo ya fara masa. Na yi sauri na mayar da idona kan cokulan da aka jera mini dama da hagu.

Aka kawo miya a ɗan kwano, ita kaɗai ba tuwo. Ƙamshinta ya bugi cikina da ya wuni babu komai. Na ɗauki cokali na fara juyawa ina murmushi. 'Yar nan ta kurɓa sau biyu. Ta dube ni, ta dubi mijinta. Shi ma ashe hannunsa na kan cinya, ya ƙura wa gishiri ido. Ni ban taɓa kawo wa raina cewa shi ma yana da tasa kunyar ba. Ba zai fara ba babba ba ta fara ba, kuma ko na fara, ta ina zai iya tauna a gaban uwar matarsa?

A irin wannan wuri ba a haɗa abinci a kawo gaba ɗaya. Kala-kala ake kawowa, kuma ba a ɗauke na farko sai an ga kowa ya gama. Dattijon ya zo ya duba, ya koma. Ya sake zuwa, ya koma. Teburan da ke kusa da mu har sun shiga kala na gaba. Daga ƙarshe ya kwashe kwanukanmu a cike, fuskarsa ba daɗi.

Ya kawo na biyu, wani abu da ganye da jatan lande. Na shiga juya cokali. Surukina ya gyara zaman cokalinsa. Dattijon ya sunkuya ya yi wa 'yar nan magana.

"Yana tambaya ko abincin ne babu daɗi."

"Ki ce masa da daɗi ƙwarai."

"Ta yaya kika sani, Yaya?"

Na ci gaba da juya cokalina. Dattijon ya tafi ya dawo da shugabansu, mai baƙar kwat. Shi ma ya yi tambayoyinsa, 'yar nan tana ba shi haƙuri. Ba a jima ba sai ga mai dafa abincin da kansa, da doguwar farar hularsa, ya ratso tsakiyar zauren ya tsaya a kaina. Ya dafa ƙirji yana bayani, ita tana fassarawa: wai an gaya masa tun farko mu Musulmi ne, kifi ya dafa mana, a tukunya daban, babu giya babu naman alade, in kuma akwai abin da Mama take so ta faɗa ya dafa yanzu. Mutanen teburan kusa duk sun juyo. Abin da na yi wata da watanni ina gudu, a zuba mini ido a cikin taro, ga shi ya same ni, kuma ba ta dalilin takalmi ba. A daidai lokacin cikina ya yi wata ƙara da na tabbata har masu goge sun ji.

Aka kawo kifin, aka ajiye, suka ja da baya. Tururi yana tashi. Babu wanda ya motsa.

Sai 'yar nan ta ajiye cokalinta a hankali. Ba ta ɗaga murya ba. Kanta a sunkuye ta ce, "Yaya, ni fa ba jirgi na kawo ki gani ba."

Na ɗago na dube ta, ta ci gaba.

"Ina ƙarama, in na zo hutu, ina ganin su Auta suna cin tuwo da ke, kina tsame musu nama kina tura musu gabansu. Ni ina can bakin ƙofa da kwanona. Ban ce kin yi laifi ba, na san al'ada ce. Amma na ce wa kaina in Allah ya ba ni iko, sau ɗaya dai zan zauna in ci abinci da ke, da mijina a gefe, kamar kowace 'ya. A gida ba zai yiwu ba, idon mutane ya yi yawa. Shi ya sa na kawo ki tsakiyar teku, inda babu wanda ya san mu." Ta goge ido da bayan hannu, kwalli ya ɓata mata kunci. "Shi ke nan. Ku tashi mu tafi, sai a kai muku ɗaki."

Wallahi na so in ci. Na ɗauki cokali mai yatsu, na gutsuro kifin, na ɗago shi. Amma ta gefen idona ina hango farar rigarsa, sai hannuna ya tsaya a hanya. Ba taurin kai ba ne. Abin da aka shuka maka tun kana yaro ba ya fita don ka so ya fita. Na mayar da cokalin, hawaye suka cika mini ido.

Sai na ji ƙarar kujera. Surukina ya miƙe. Na ce shi ke nan, ransa ya ɓaci, na ɓata musu dare, na ɓata musu tafiya. Na bi bayansa da kallo. Bai nufi ƙofa ba. Wurin shugaban masu hidimar ya je, suka yi magana, yana nuna wani teburi a jikin bango inda aka ajiye wani ƙaton tulun furanni na ado. Mutumin ya ɗaga kafaɗa ya yi murmushi. Ya kira yaransa su ɗauka, surukina ya ce a'a. Da kansa ya rungumo shi, cikin kwat ɗinsa, ruwa yana zuba masa a gaban riga, ganye yana shiga masa hanci. Ya ratso mutane suna kallonsa, ya dire shi a kan teburinmu. Ya matsar da kofuna, ya ja kujerarsa, ya leƙa ta dama, ya leƙa ta hagu, ya ƙara gyarawa. Sannan ya zauna.

Ya ɓace. Babu abin da nake gani a gabana sai fure fari da ja da ganye har sama da kaina.

Daga bayan furannin sai muryarsa ta fito, a ladabce kamar kullum: "Ki gaya wa Umma ni na tafi. Ba na nan."

'Yar nan ta toshe baki, dariya da kuka suka haɗe mata. Ta ce, "Yaya, kin ji. Wai ya tafi."

Na gyara mayafina na ce, "To, Allah ya kiyaye hanya."

Na yi bisimilla na kai lomar farko. Ban san ko yunwa ce ba, amma ban taɓa cin kifi mai daɗin wannan ba. Can sai na fara jin ƙarar cokali daga bayan furanni, da sauri-sauri. Ashe bawan Allah shi ma tun safe bai ci komai ba, daga baya ta gaya mini.

Ta jawo kujerarta har kafaɗarmu tana gugar juna. Ta ga ina kokawa da wuƙa, ta karɓa ta yayyanka mini, ta cire ƙaya. Tana cikin yi sai ta ɗauki yanki ɗaya daga farantina ta kai baki. Ta dube ni ta ga ko zan yi magana. Ni kuwa sai na ture farantin zuwa tsakiyarmu. Nata ya huce a gefe, muka cinye nawa tare. Na san a irin wannan wuri kowa da farantinsa, amma dattijon nan da ya zo ya gani, sai kawai ya ɗauke wanda muka cinye ya matso mana da ɗayan tsakiya.

Muna cikin na biyun ta tsaya tana kallon gefen farantin. Na tara albasa a ɓangarena, ita ma ta tara a nata.

"Yaya, ke ma ba kya cin dafaffiyar albasa?"

"Tun ina yarinya."

"Inna ta yi ta yi mini faɗa a kanta a Izom. Tana cewa ba ta san inda na gado wannan iyayin ba."

"Ta sani sarai," na ce. "Ni ma ta sha dukana a kai."

Muka yi ta dariya, har daga bayan fure aka yi gyaran murya aka ce, "Wanda ya tafi yana tambaya ko akwai sauran burodi a wajenku." Ta miƙa masa kwandon ta gefe, hannu ya fito ya karɓa ya koma.

Haka muka ƙarasa har kayan zaƙi. Da muka tashi, shi ya fara miƙewa ya yi gaba, gaban rigarsa a jiƙe, ganye ɗaya maƙale a kafaɗarsa.

Shekaru sun wuce yanzu, sun dawo Abuja da zama. Mata sukan tambaye ni, in 'ya'yansu za su kai su irin wannan tafiya, me ake sawa a daren dinar. Nakan ce su ɗauki kayansu na fita kunya, wanda suka saba da shi, da rufaffen takalmi mai daɗin tafiya, su bar dutsen guga a gida. Dokar gaskiya ce, na ga an mayar da mutum a kan idona, amma ba ta kai yadda muke tsorata kanmu ba. Sai dai in ƙara musu da cewa su tambayi 'ya'yan nasu abin da ya sa suke son su zo. Ni ban tambaya ba. Na kwashe watanni ina auna wuyan riga.

Kunya kuwa ban yar da ita ba, kuma ba na fatan in yar. Har gobe ba na kiran sunanta, har gobe Yaya take ce mini, kuma in ya zo gaisuwa daga bakin ƙofa yake durƙusawa. Abin da ya canja shi ne, in sun zo Suleja, shi yana zaure da maigidana, ita kuma sai ta wanke hannu ta shigo ɗakina ta zauna a gaban kwanona ba tare da ta tambaya ba. Nakan tsame nama in tura mata gabanta, mace da 'ya'yanta, ta ɗauka ta cinye.

Na gode wa Allah da ya ba ta bakin faɗa mini tun ina raye. Shi kuma, yaron nan da ya jiƙa rigarsa a gaban ɗaruruwan mutane don kada in zaɓi tsakanin kunyata da 'yata, ban taɓa yi masa godiya da bakina ba. Ba zan iya ba. Sai dai duk sallah in yi dambun nama in cika roba in ce a kai masa. An ce mini yana karanta abin da nake rubutawa a nan. To in wannan ya kai gare shi, ya gani, Allah ya yi masa albarka, ya ba shi surukai masu yi masa abin da ya yi mini. Amma don Allah in ya zo gaisuwa kada ya tayar mini da maganar.